Wa Ya Riga Wa? Daga Kwandon Intanet Zuwa Albasar Galmi

Hausawa na cewa na gaba ya yi gaba, na baya sai labari. A shari'ar mallakar fasaha kuwa, na gaban da bai ajiye shaida ba yana iya komawa baya.

A shekarar 1994 kamfanin Open Market na Amurka ya nemi takardar mallakar ƙirƙira a kan tsarin ciniki ta intanet, har da kwandon da mai saye ke tara kaya a ciki kafin ya biya. An ba shi a 1998. Da takardun suka koma hannun kamfanin Soverain Software, sai ya shiga maka manyan shagunan intanet a kotu. A 2005 Amazon ya biya dala miliyan 40 don a sasanta. Kamfanin Newegg ya ƙi. An kayar da shi a Texas a 2010, ya ɗaukaka ƙara, kuma a Janairun 2013 kotu ta rushe hujjar Soverain, domin kasuwar CompuServe Mall ta riga ta yi makamancin wannan aiki.

A Disamban 2014 wannan kotu ta yanke hukunci a kan ƙarar DDR Holdings, mai da'awar mallakar dabarar haɗa shafin da ke nuna hajar wani ɗan kasuwa cikin kamannin shafin da mai saye ya fara shiga. Ta tabbatar da takarda ɗaya, ta soke wata saboda kamfanin Digital River ya riga ya yi abin.

Manoman albasa na jihar Tawa, daga Badagishiri zuwa Malbaza da Ƙonni, ba baƙin wannan tambaya ba ne. Nijar na cikin ƙungiyar OAPI mai mazauni a Yawunde, wadda yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa domin kula da mallakar fasaha. A shekarun 2000 kamfanin iri na Tropicasem da ke Senegal ya nemi ƙungiyar ta ba shi haƙƙin mallakar iri da sunan Violet de Galmi. Haƙƙin iri daban yake da na ƙirƙira, amma gardamar ɗaya ce: wa ya riga? Ƙungiyoyin manoma suka yi tsaye, gwamnatin Nijar ta ƙalubalanci buƙatar, kamfanin ya sauya suna zuwa Violet de Damani. Daga baya OAPI ta yi wa albasar Galmi rajista a matsayin amfanin da ke ɗauke da sunan ƙasarsa ta asali.

Abin lura shi ne, Newegg ya tsira ne da littattafai da bayanan waɗanda suka gina tsohon tsarin. Akasarin sanin manomanmu kuwa a ka yake, yana bin tsofaffi kabari. Malamai da ƙungiyoyin al'adu su ne mafi kusa da wannan aiki: rubuta sunayen iri, yadda ake zaɓensa da adana shi, garin da ya fito, da kwanan watan da aka rubuta. Ranar shari'a, wannan takarda ce za ta tsaya wa manomi.