Daga Ƙofar 'Yanɗaka Zuwa Gobarau

Mu mutanen Runka, in mun biyo hanyar Batsari, ta Ƙofar 'Yanɗaka muke shiga birnin Katsina. Ta wannan ƙofa Gwamna Lugga ya shiga a 1903, amma yau 'ya'yanmu da suka tashi a Legas da Abuja sukan wuce ta ba ko waiwaye.

Saboda haka a hutun damina muka kwashi jikoki zuwa hasumiyar Gobarau, wadda ake danganta gininta da zamanin Sarki Muhammadu Korau. Ginin ƙasa ce zalla, ga ta tsaye har yau. Daga nan muka zarce tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu kafin a mayar da ita Kaduna a 1938. Yanzu gidan tarihi ce. A nan muka fi daɗewa, don malami ba ya ƙosawa da aji.

Da azahar muka sha fura da nono, muka haɗa da ƙilishi. Ƙaramarsu ta tambaya ko da me ake yin fura, alhali kakanta manomin gero ne.