Tarihin Cutar Tsufan Wuri da Abin da Ta Koya wa Likitoci Game da Kitse

Hausawa sun daɗe suna ɗaukar ƙiba alamar hutu, rama kuwa alamar wahala. Likitocin Turai na dā su kuma sun ɗauki kitse rumbu ne kawai da jiki ke tara rarar abinci. Tarihin wata cuta da ba kasafai ake ganinta ba yana cikin abubuwan da suka gyara wannan fahimta.

A shekarar 1886 wani likitan Ingila, Jonathan Hutchinson, ya bayyana labarin wani yaro marar gashi mai fata irin ta tsofaffi. A 1904 Hastings Gilford ya raɗa wa cutar suna firojeriya, wato tsufa tun lokaci bai yi ba. Yaran da ke da ita kitsen ƙarƙashin fatarsu yakan zube har jijiyoyi su fito fili, kuma galibinsu ciwon zuciya ko shanyewar jiki ke kashe su wajen shekara 14.

Abin mamakin shi ne, duk da ramar, da yawansu jikinsu ba ya karɓar insulin sosai, kamar yadda ake gani ga masu tumbi. Tun 1947 Jean Vague na Faransa ya nuna cewa inda kitse ya zauna ya fi yawansa muhimmanci. A 1994 aka gano leptin, sinadarin da kitse ke aikawa ƙwaƙwalwa, aka tabbatar kitse gaɓa ce mai aiki. Idan ma'ajiyar ƙarƙashin fata ta lalace, sai maiƙo ya yi ta yawo a jini ya taru a hanta da tsoka, aikin sarrafa sukari ya rikice.

A 2003 aka gano tushen cutar a ƙwayar gado mai suna LMNA, wadda aka riga aka danganta da wata cutar zubewar kitse a 2000. A 2020 Amurka ta amince da lonafarnib, maganin farko da ke ƙara wa yaran kwana.

Wannan darasi ya shafi ɗaliban likitanci na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da ke Gyaɗi-Gyaɗi, ya kuma shafi ma'aikacin da ke yini a kujera. Ramamme ma yana iya kamuwa da ciwon sukari, don haka awon ƙugu da gwajin jini sun fi hawa sikeli gaya wa mutum gaskiya.