Daga Zauren Mantiƙi Zuwa Ɗakin Kwamfuta: Tarihin Da Ya Kamata Ɗaliban Gombe Mu Waiwaya

 Rubutun yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a kai ƙarshe.

Ran nan ina zaune a hostel ina fama da darasin lojik, wato ƙa'idar "idan kaza ya tabbata, to kaza ya biyo baya" wadda duk manhajar kwamfuta take tafiya a kanta. Sai wani abokina da ke karantar Larabci ya leƙo littafina, ya yi dariya ya ce, "Malam, ai wannan mantiƙi ne, mu a zaure muka karanta shi." Wallahi kunya ta kama ni. Shekara uku muna cin abinci a kwano ɗaya, ban san ilminmu ɗan uwan juna ba ne.

Shi ya nuna mini cewa Ahalarin da muka haddace muna yara, marubucinsa Abdurrahman al-Akhdari, malamin Aljeriya na ƙarni na 16, shi ne kuma ya rubuta Sullam, littafin mantiƙin da ake karantawa a zaurukanmu. Turawa ma ta wannan ƙofar suka shiga: a 1854 George Boole na Ingila ya mayar da lojik lissafi, kuma a kan aikinsa aka gina tunanin kwamfuta.

To mu fa, ina namu? Akwai Muhammad al-Katsinawi, wanda ya tashi daga Katsina ya yi Hajji ya zauna a Alƙahira. A 1732 ya rubuta hanyoyin cike hatimi mataki-mataki, yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya. Ku cire maganar asiri ku dubi lissafin kawai, za ku ga algoridim ne tsaf. Ya rasu a can a 1741. Akwai kuma Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu ta wajen 'yarsa Khadija, wanda ya rayu daga 1804 zuwa 1864, ya yi rubuce-rubuce a falsafa a makarantarsu ta Salame.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne, babu ɗayansu da ya yi ilmi shi kaɗai. Tafiya ake yi daga malami zuwa malami, ana kwafar littafi da hannu, ana aika wasiƙa ana muhawara. Nana Asma'u ta tsara 'Yan Taru, jajis suna kai karatu ƙauye-ƙauye, ba mota ba intanet. Gombe ɗin kanta irin wannan tafiyar ce ta haife ta: Modibbo Bubayero almajiri ne da ya je neman ilmi wajen Shehu, ya dawo da tuta, ya kafa Gombe Abba. Sai a 1919 hedikwata ta dawo inda muke yanzu.

Yau muna da abin da su ba su samu ba. An ƙirƙiro jihar a 1996, Jami'ar Jihar Gombe ta zo a 2004, ta Tarayya da ke Kashere a 2011, ga FCE ga sauransu. Gine-gine sun yawaita, amma zauren da zai haɗa mu fa? Kowa ya rungumi handawut ɗinsa, a ci jarrabawa a watse.

Wasu sun riga mu farkawa. Deep Learning Indaba ta fara a Afirka ta Kudu a 2017, Masakhane ta biyo baya don harsunan Afirka, ga HausaNLP da Arewa Data Science Academy. A 2022 masu bincike, ciki har da na Jami'ar Bayero, suka fitar da NaijaSenti, tarin saƙonnin Twitter na Hausa, Igbo, Yarbanci da Pidgin da aka tantance yabo ne ko suka.

A nan ne gizo ke saƙar. Idan Bafulatani ya tsokani Babarbare a Facebook, zagi ne ko wasa? Mu mun san amsar, na'ura ba ta sani ba. Wanda zai koya mata sai ya fara tambayar mene ne zagi, mene ne niyya, wa ke da ikon yanke hukunci. Wannan kuwa aikin falsafa ne. Kuma Tera, Tangale, Waja da Bolanci, wa zai shigar da su idan ba mu ba? In muka yi shiru, wanda bai taɓa taka Tudun Wada ba shi zai yanke wa maganarmu hukunci.

Shawarata ƙarama ce. Sau ɗaya a wata mu zauna, ko a gindin bishiya ne, 'yan kwamfuta, 'yan lissafi, 'yan Larabci, 'yan Hausa, maza da mata. Shafi ɗaya na Sullam, matsala ɗaya ta manhaja. A rubuta abin da aka tattauna da Hausa, a tura wa 'yan uwa na Bauchi, Yola da Maiduguri su yi gyara. Da haka magabata suka yi, kuma sannu ba ta hana zuwa.

Ni da abokin nan nawa mun zama mutum biyun farko. Wa zai zama na uku?

Allah Ya ba mu ilmi mai amfani.