Daga Samariya zuwa Mata Masu Dubara

Jama'ar Tasawa da Mayahi, tallafa wa ƙungiyoyi ba yau aka fara ba. Zamanin Seyni Kountché, wanda ya hau mulki a 1974, Samariya ce ke tara matasanmu aikin gayya: gina azuzuwa, dashen itatuwa, gyaran hanya. Bayan rasuwarsa a 1987 abin ya yi sanyi, don ƙarfinsa na gwamnati ne.

A 1991 CARE ta kafa Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi. Ba jari ta raba ba, horo ta bayar. Mata ke zubi duk mako, suna ranta wa juna, har tsarin ya bazu ƙasashen Afirka.

To matasa, in tallafi ya zo mu karɓa, amma mu tanadi asusunmu tun kafin mai bayarwa ya naɗe tabarmarsa.