'Yan Daudu

'Yan daudu rukuni ne na mazan ƙasar Hausa da ke ɗaukar murya da tafiya da sana'o'in da al'ada ta keɓe wa mata. Masana da dama suna danganta sunan da Daudu, wato Ɗan Galadima, iskan bori da aka sani da ado da caca da sakin hannu, domin tun da can ana samun 'yan daudu a wuraren wasan bori, suna girki suna hidimar mata masu hawan iska.

Babbar sana'arsu ita ce sayar da abinci, musamman tuwo da shinkafa da soyayyun kaji, a tashoshin mota da kasuwanni. Wasu kan zauna a gidajen mata masu zaman kansu, inda suke yin kawalci. A tsakaninsu suna kiran juna ƙawa. Babba kan ɗauki ƙarami a matsayin 'ya, ya koya masa girki, ya tsaya masa ranar biki. Da yawansu suna da mata da 'ya'ya, kuma akwai alhazai a cikinsu.

Zamansu a bainar jama'a ya ginu ne a kan sanin wuri da sanin mutane. A bakin murhu, ɗan daudu kan ɗaura zani a ƙirji, ya karya murya, ya tafa hannu da abokin aikinsa, masu sayen abinci suna tsokana yana mayar da martani. Idan zai shiga gari ko masallaci kuwa, riga da hula yake sawa kamar kowa, ya rage rangwaɗa. Duk da haka baƙon ido kan gane shi daga tafiya ko daga kalma ɗaya. Abin da ke biyo baya ya kama daga kallo da dariya zuwa ihun yara, da zagi, wani lokaci har da jifa. Makaminsu na farko shi ne habaici, wanda suka ƙware a kansa ƙwarai: amsa mai kaifi da ke juyar da dariyar taro kan mai tsokanar ba tare da an ambaci sunansa ba. Inda suka ga habaici zai jawo duka, sai su yi shiru su wuce, ko su riƙa tafiya biyu-biyu. Wannan awon wuri da mutane na kullum aiki ne mai gajiyarwa, kuma kuskure ɗaya kan sa mutum ya rasa rumfarsa.

An fi samunsu a manyan birane kamar Kano da Katsina da Zariya da Kaduna, da garuruwan da ke kewaye da Abuja. Wasu sun yi zaman neman kuɗi a Jidda ta ƙasar Saudiyya.

Kundin dokokin laifuka na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya sa namijin da ya yi shigar mata a fili cikin 'yan zaman banza. Bayan jihohi 12 sun faɗaɗa shari'ar Musulunci tun daga Zamfara a shekarar 2000, matsin ya ƙaru, malamai suna kafa hujja da hadisin da ya hana maza kwaikwayon mata. Jihar Kano ta yi doka a 2000 da ta haramta wannan ɗabi'a, sannan ta kafa Hukumar Hisba a 2003. A watan Agustan 2007 aka kama maza 18 a Bauchi bisa zargin shigar mata. A Janairun 2014 kuma Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu kan dokar hana auren jinsi, wadda ta ƙara jefa 'yan daudu cikin zargi ko da ba a kama su da komai ba.

Nazari mafi zurfi a kansu shi ne littafin Rudolf Gaudio, Allah Made Us, na 2009, wanda ya samo asali daga zamansa a Kano cikin shekarun 1990. A finafinan Hausa an fi nuna su a matsayin abin dariya, kamar a fim ɗin Ibro Ɗan Daudu na marigayi Rabilu Musa.