Ilektaron Ɗaya na Jan Ƙarfe da Tsibiran Yauri

Masu ba da tarihin tafkin Kainji sukan fara ne daga 1964, shekarar da aka soma gina madatsar a kan kogin Kwara. Ni kuwa ina ganin saiwar labarin ta fi haka zurfi, domin wutar lantarkin da aka tare ruwan saboda ita motsi ne na wata halitta wadda sai a 1897 ɗan Adam ya san da ita.

Malaman tauhidi sun daɗe suna magana a kan jauhari, ɓangaren da ya kai maƙurar ƙanƙanta har ba ya rabuwa, kuma haka masanan Turai suka ɗauki ƙwayar zarra. A waccan shekara J. J. Thomson ya nuna a Ingila cewa cikin zarra akwai abin da ya fi ta ƙanƙanta, wato ilektaron. A 1911 Ernest Rutherford, bayan gwajin da aka yi da siririn fallen zinari a Manchesta, ya tabbatar da cewa kusan dukkan nauyin zarra yana dunƙule ne a wata 'yar cibiya. Da zarra za ta kai faɗin filin ƙwallo, da cibiyar ba ta wuce ƙwayar gero ba.

Niels Bohr, mutumin Denmak, shi ya kawo tsarin zaman ilektaron a 1913: suna kewaye cibiya hawa-hawa, kowane hawa da iyakar abin da yake ɗauka. Daga baya aka tabbatar da lissafin: na farko biyu, na biyu takwas, na uku goma sha takwas. Duk wanda ya taɓa ɓare albasar Yauri ya ga misalin abin, ɓawo a kan ɓawo. Masana na baya, musamman Erwin Schrödinger a 1926, sun nuna cewa ɓawon ya fi kama da hazo, amma lissafin bai sauya ba.

A nan ne jan ƙarfe ya shigo. Zarrarsa tana da ilektaron 29: biyu, takwas, goma sha takwas, sai guda ɗaya tilo a hawan waje. Wannan ɗayan ya yi nisa da cibiya, riƙon da aka yi masa sako-sako ne, don haka yakan bar gida ya yi ta yawo tsakanin maƙwabta. Michael Faraday ya gano tun 1831 cewa maganaɗisu mai motsi yana haifar da wuta a waya, ba tare da ya san abin da ke gudu a cikinta ba. Aikin Kainji ke nan gaba ɗaya: ruwa ya juya inji, inji ya juya maganaɗisu, maganaɗisu ya tura waɗannan ilektaron na waje.

Kuɗin wannan turi a ƙasarmu aka biya shi. Da tafkin ya cika a 1968, ya miƙe kusan kilomita 130, ya haɗiye tsohuwar Bussa, inda Mungo Park ya rasu a 1806, ya kuma shanye tsibirai da fadamun da Gungawa suke noman albasa a kai. An tayar da mutane fiye da 40,000. Gungawa da Shangawa da Kambari suka koma gidajen siminti da hukuma ta zana musu, wasu nesa da ruwan da suka saba da shi. Littattafan kimiyyar da muka karanta a makaranta sun zana mana da'irorin Bohr, amma ba su haɗa su da wannan ƙaura ba, alhali igiya ɗaya ce ta ɗaure su.

Babban layin da ya tashi daga Kainji ya ratsa ƙasar Yauri zuwa Birnin Kebbi, daga can wutar ta tsallaka har Yamai. Wayoyinsa na alminiyam ne, mai ilektaron uku a hawan waje, saboda ya fi jan ƙarfe sauƙin nauyi da kuɗi. Akwai ƙauyukan bakin tafki da suka daɗe suna kallon irin waɗannan wayoyi a sama, suna kwana da fitilar batir. A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin Nijar, Nijeriya ta katse wutar da take ba Yamai, ba ta mayar ba sai a Maris na 2024.