Guga da Rijiya

Kashi tara cikin ɗari ne ya rage a batirin motar lokacin da na tsaya gaban ginshiƙin caji a harabar wani babban kanti a Abuja. Magariba ta wuce, kuma kwana uku ke nan da karɓo motar daga hannun dillali. Filin da mahaifinmu ya bar mana a Funtuwa muka sayar, Yaya ya cika da bashi, muka sayo ta domin haya: shi ya tuƙa da safe, ni da yamma, tunda digirina na tarihi bai samo mini aiki ba tukuna. Lissafinmu bai da wuya. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura dubu. Motar da ba ta shan fetur, a ganinmu, ta raba mu da babbar ƙaya.

Na zaro igiyar, mai kauri kamar damtsen yaro, na buɗe murfin motar, na kai bakinta. Ta ƙi shiga. Na juya ta, na haska da fitilar waya, sai na ga ramukan da ke jikin motar da haƙoran da ke bakin igiyar ba su san juna ba. Dattijon da ke gadin wurin ya matso ya leƙa.

“Yaro, wannan 'yar Caina ce ko?”

Na ce ita ce, Baba.

“To, ba kai ne na farko ba. Na nan bakin Turai gare shi.”

Ga wuta a gabana, ga kuɗi a aljihuna, amma na zo rijiya da gugan da ba ya wuce bakinta. Na lallaɓa motar zuwa gida ba sanyaya ɗaki ba rediyo, idona na kan lambar nan tana zubewa. A daren, maimakon barci, na kama neman sanin yadda aka yi duniya ta ƙera mota irin wannan amma ta kasa yarda da baki guda na shayar da ita. Abin da na tarar shi ne tsoron da ya kama ni a harabar kantin nan ya girmi kakana.

Mutane da yawa suna ɗaukar motar lantarki a matsayin ƙirƙirar jiya. Ba haka ba ne. A shekarar 1897 tasi masu batir suna ɗaukar fasinja a titunan Landan da New York. A 1899 wani ɗan Beljiyam, Camille Jenatzy, ya zama mutum na farko da ya haura gudun kilomita 100 a sa'a a cikin mota, kusa da birnin Paris, kuma motarsa ta lantarki ce. A Amurka, wajen 1900, kusan kashi ɗaya bisa uku na motocin da ke yawo masu batir ne. Ba su da hayaƙi, ba su da ƙara, ba a murɗa musu ƙarfe a gaba kafin su tashi, alhali ƙarfen tayar da motar fetur yakan mayar da martani ya karya hannun mai murɗawa. Ita kanta Clara, matar Henry Ford, motar lantarki ƙirar Detroit Electric take hawa.

Matsalarsu tun a wancan lokaci ita ce tawa ta daren nan: ina za a sha? Kamfanin tasi na New York ya warware ta da dabarar da har yau ake sake ganowa. Ba a jiran batir ya cika. Mota takan shiga babbar tasha, a zare mata akwatin batirin da ya ƙare da na'ura, a tura mata cikakke, ta koma titi. A garin Hartford, daga 1910 zuwa 1924, kamfanin wutar garin ya gudanar da irin wannan tsari ga motocin ɗaukar kaya: ka sayi mota ba batir, kamfani ya riƙa ba ka cikakke, ka biya gwargwadon tafiyar da ka yi. Dabara ce mai kyau, sai dai iyakarta ganuwar gari. Da ka fita karkara shi ke nan, domin har farkon shekarun 1930 kusan gida ɗaya cikin goma ne na manoman Amurka ke da wutar lantarki.

Littattafai sukan lissafa dalilan faɗuwar motar lantarki kamar karatun allo. An haƙo mai da yawa a Texas daga 1901, fetur ya yi araha. Ford ya fito da Model T a 1908 a kan kimanin dala 850, farashin ya yi ta sauka har ƙasa da dala 300 a tsakiyar shekarun 1920. A 1912 Cadillac ta zo da makunnin lantarki na Charles Kettering, aka huta da murɗa ƙarfe. Duk gaskiya ne. Amma a ganina akwai dalilin da ya fi su nauyi, wanda duk wanda ya taso a Arewa zai gane shi ba tare da dogon bayani ba: fetur yana shiga jarka.

A watan Agustan 1888 Bertha Benz ta ɗauki motar mijinta da 'ya'yanta biyu daga Mannheim zuwa Pforzheim a Jamus, tafiyar kimanin kilomita 100. Babu gidan mai ko ɗaya a doron ƙasa. Da tankinta ya yi ƙasa, sai ta tsaya a kantin magani a garin Wiesloch ta sayi wani sinadarin goge tufafi mai kama da fetur, ta zuba, ta wuce. Shekaru da dama bayan haka masu mota a kantin kayan gini da shagon maƙeri suke sayen mai a gwangwani. Sai a 1913 aka buɗe shahararren gidan man Gulf na Pittsburgh, wanda aka gina takanas domin mota ta shiga ta sha. Wato motar fetur ta riga gidan mai zuwa duniya da shekaru, kuma ta rayu, domin kowane mai tebur a bakin hanya yana iya zama mata rijiya. Mu da muka saba da 'yan bumburutu da galan-galan ɗinsu a kowace kwana mun san wannan. Wutar lantarki kuwa ba ta da ɗan bumburutu. Sai an ja waya, an kafa taransifoma, an gina wuri, an sami mai kula da shi. Motar lantarki ta fi kama da ayarin gishiri da ke ratsa Tenere daga Agadas zuwa Bilma: nisan da raƙumi zai iya ba shi ne abin dubawa ba, abin dubawa shi ne ko rijiya ta gaba tana nan inda madugu ya san ta, kuma da ruwa a ciki.

Haka ta ɓace kusan shekara sittin, in ban da motocin raba madara na Ingila da 'yan kekunan filin wasa.

Da ta dawo, sai ta dawo da sabuwar rigima. A 1990 jihar Kalifoniya ta tilasta wa manyan kamfanoni su fara sayar da motoci marasa hayaƙi. General Motors ta fito da EV1 a 1996, wadda ake yi wa caji da wani faifai mai kama da mafici, a zura shi a wata tsaga, wuta ta ratsa ba tare da ƙarfe ya taɓa ƙarfe ba. Ford da Honda suka bi hanyar fulogi. Don haka wuraren cajin jama'a na lokacin sukan tsaya da na'ura iri biyu, kowa da tasa. A 2001 hukumar jihar ta zaɓi fulogi, faifan ya mutu, aka kuma janye yawancin motocin EV1 aka murƙushe su.

Wanda ya zaci an ɗauki darasi bai san kamfanoni ba. A 2010 Japanawa suka kafa tsarin caji mai sauri da suka kira CHAdeMO, sunan da ke wasa da tayin shan shayi a harshensu, wato kafin ka gama kofi ɗaya mota ta samu. Shi Nissan Leaf ta zo da shi a ƙarshen wannan shekara. Kamfanonin Jamus da Amurka suka ƙi bi, suka haɗa nasu mai suna CCS, shi ma ya rabu biyu, na Amurka daban na Turai daban. Tesla ta buɗe tashoshinta a 2012 da bakin da ita kaɗai ke da shi. Caina ta kafa nata ma'auni, GB/T. Kowace nahiya daga baya ta share gidanta: Tarayyar Turai ta wajabta nata baki da dokar 2014, a Amurka kuma Ford ta amince da bakin Tesla a watan Mayun 2023, sauran suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya.

Mu fa? Mu ne kasuwar da duk waɗannan koguna suke zubowa. Motar hannu daga Amurka, sabuwa daga Caina, wata daga Turai ta Kwatano, kowacce da bakin ƙasar da aka ƙera ta dominta. Rigimar da aka yi a ɗakunan taro a Tokyo da Brussels ita ce ta iske ni a gaban Baba maigadi. Dillalin da ya sayar mana ya yi ta yabon kujeru da nisan zango, bai ce uffan a kan wannan ba, mu kuma ba mu san akwai abin tambaya ba.

Ba wai ƙasar nan ba ta taɓa motsawa ba ne. A ƙarshen 2020 aka nuna Hyundai Kona da aka harhaɗa a Legas, a watan Afrilun 2021 kuma hukumar ƙera motoci ta ƙasa ta buɗe tashar caji mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, wasu suka biyo baya a jami'o'in Legas da Nsukka. Shugaban hukumar a lokacin, Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato ne da ya yi suna a General Motors wajen zana Chevrolet Volt. A Maiduguri Mustapha Gajibo ya riƙa cire injin fetur daga ƙananan bas yana sa musu batir. Abin lura a tashar Sakkwato shi ne an dogara da rana, ba da layin wuta na ƙasa ba. Wannan amincewa ce, ko ba a furta ba, cewa ƙasar da ke raba megawat dubu huɗu zuwa biyar ga mutum sama da miliyan 200 tana wajen da karkarar Amurka take a zamanin Model T. Na taɓa ganin ginshiƙin caji yana aiki da janareta mai shan dizal yana ruri a bayansa. Na yi dariya, sannan na shiga layi.

A gida muka fara rarrafe. 'Yar cajar da ta zo da motar tana shiga soket ɗin ɗaki, amma tana ɗiga ne kamar famfon rani: dare guda ba ya cika batir, in ma an bar wutar. A mako na biyu maƙwabtanmu suka kai ƙara wurin mai gida cewa motarmu ke cinye kuɗin mitar da muke tarayya, kuma gaskiyarsu. Yaya ya daina magana a wurin cin abinci. Ranar biyan kason farko na bashi tana matsowa, motar kuma rabin yini kawai take aiki. Wata rana bayan sallar asuba ya ce, “Ko dai mu mayar da ita ne, ko da faɗuwa?” Na ce, “Yaya, ka ba ni mako uku.”

A cikin makonnin nan na koyi abin da ya kamata mu sani kafin mu sayar da fili. Batir wuta mai tafiya kai tsaye kaɗai yake ajiyewa, wutar gida kuwa mai kai-komo ce, sai an juya ta. Ƙananan ginshiƙai, masu kilowat 7 zuwa 22, suna miƙa wa motar wutar gida ne ita ta juya da kanta, shi ya sa suke cin sa'o'i. Manyan, masu kilowat 50 zuwa sama, su ke juyawa su ɗura kai tsaye, kuma a nan ne bambancin baki ya fi ciwo. Na koyi cewa bayan kashi tamanin caji yakan ja ƙafa domin kare batir, don haka mai hankali yakan cire ya ba na baya wuri. Na koyi cewa alama a taswirar waya ba shaida ba ce: wani wurin an kulle, wani na ma'aikatan ofis ne kawai, wani manhajarsa ta ƙi karɓar katina. Wannan ma ba ciwonmu ba ne mu kaɗai; sai da Birtaniya ta yi doka a 2023 ta tilasta wa manyan tashoshi karɓar katin banki na yau da kullum, saboda direbobi sun gaji da tara manhaja ɗaya ga kowane kamfani.

Mahaɗin da ke sada bakin Turai da na Caina ya iso a rana ta goma sha tara, kuɗinsa ya kusa kason bashin wata guda. Na koma harabar kantin nan. Na ɗaura shi, na tura, na ji ƙaras, ginshiƙin ya yi gurnani, lamba ta fara hawa. Baba maigadi ya miƙo mini kujerarsa ya ce, “Zauna, yaro, wannan ba gidan mai ba ne, sai ka yi haƙurin minti arba'in.”

Tun ranar nake riƙe da ƙaramin littafi a aljihun motar. Kowane wurin caji da na gwada da hannuna ina rubuta irin bakinsa, ƙarfinsa, lokacin da ake rufe ƙofa, da ko yana aiki in an ɗauke wuta. Direbobi uku sun riga sun ɗauki hoton shafukansa. Da Sallah ta matso, Yaya ya so mu shiga Funtuwa da motar, Inna ta ga abin da filin ya zama. Na buɗe littafin muka duba tare: daga Zuba zuwa gaba babu layi ko ɗaya da na rubuta. Muka bar ta a gida lulluɓe da tampol, muka hau jirgin ƙasa daga Kubwa zuwa Rigasa, daga can muka shiga motar haya mai shan fetur.